Bangon da Kawu Ya Shafe

Koyarwa nake yi a wata firamare a Makarfi, amma abin da ke cin lokacina da tunanina shi ne hoto. Ba hoton biki nake nufi ba. Nakan ɗauki inuwar rumbu, ko tsatsar kwanon rufi, ko hannun mai yankan rake, sannan in zauna gaban kwamfuta in yanko wannan in liƙa a kan wancan, har wani abu ya fito wanda ido bai taɓa gani a haɗe ba. A Zariya na koya, lokacin da nake karatu. Na yi shekaru ina yi wa danginmu bayanin wannan aiki har yawun bakina ya ƙafe. Abu ɗaya kawai suka ɗauka a ciki, wato 'yar gidanmu ta iya cire bango.

Haka kuwa suke morata. Ana watsewa daga suna ko biki wayata za ta fara kuka. Wannan ta turo hotonta ta ce in cire mata bangon ƙasar nan in sa ta cikin furanni. Waccan ta ce ita gaban bene take so, mai hawa biyu, kuma in ɗan ƙara mata haske. Akwai mijin wata 'yar'uwarmu, mutumin da ko keke sai ya ara, ya ce in jingina shi da baƙar mota, in kuma tabbata hannunsa yana kan murfin ƙofa. Ina tsaki nake yi musu, amma ina yi. In ka ƙi, kafin la'asar labari ya zaga dangi cewa boko ya sa maka girman kai.

Gidan kakannina na wajen uwa yana wani ƙauye a yankin Nasarawan Doya. In ka wuce zaure ka karya dama, ɗakin farko shi ne na Iya, kakata. Akwai rumfa a gabansa da ke tare ruwan sama, a ƙarƙashinta kuma bangon da nake son ba da labarinsa. Duk shekara in damina ta ɗauke, Iya za ta kwaɓa jar ƙasa da ruwan makuba ta yaɓe shi da kanta, ba ta yarda magini ya taɓa mata ba. Kafin yaɓen ya sha iska sai ta bi shi da yatsu uku, ta ja layuka masu lanƙwasa kamar kunyoyin gona, su hau, su sauka, su zagaye ƙofa. Yatsanta na tsakiya ya taɓa karyewa a bakin turmi tun tana amarya, ya ɗoru a karkace, saboda haka layin tsakiya bai taɓa kai sauran biyun zurfi ba. In ta gama, sai ta danna tafin hannunta gaba ɗaya a tsakiyar bangon. Muna yara mukan sa namu hannun a ciki mu gwada ko mun girma.

Iya ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Takan ce mai son ganinta ya zo ya gan ta, ai ba ta ƙaura ba. Da ta rasu, ba mu da fuskarta a takarda ko a waya. Suturarta an rabar, kwanukanta ma haka. Bangon nan shi kaɗai ya rage wanda za ka nuna ka ce nan hannunta ya bi.

To me ya hana ni ɗaukarsa tun tuni? Iyayi ne. Na ce bangon Iya ya fi ƙarfin kyamarar waya. Na ce sai na sami kyamara ta gaske, sai kuma hasken safiya na bayan girbi, wanda ke shigowa ta gefen rumfa ya kwanta cikin layukan ya fito da zurfinsu. Shekara ta zo ta wuce ina wannan jira, wata ma ta bi ta. Ina zuwa gidan, in gaida mutane, in shafa bangon, in ce masa a raina ina nan tafe.

Ana haka wata ƙawata ta makaranta ta kira ni ta ce za a yi baje kolin hotuna a Kaduna, kuma an ba ni wuri. Har kyamararta ta ce za ta ara mini na mako biyu. Ban yi dogon tunani ba, na san abin da zan kai.

Nan na yi wautar da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Gidan yanzu yana hannun Kawu, yayan mahaifiyata, manomin masara da dawa, mutum mai tsananin gudun abin kunya. A tarbiyyarmu ba a faɗo wa babba gida da kayan aiki ba tare da sanarwa ba. Sai na kira shi mako guda kafin ranar. Bayan doguwar gaisuwa na ce, “Kawu, ranar Asabar ta sama zan shigo da sassafe in ɗauki hoton bangon ɗakin Iya. Kaduna za a kai shi, manyan mutane za su gani.”

Ya ce, “Kaduna? To, to. Madalla. Allah ya kai mu, 'yar nan.”

Ni da na san halin mutanenmu, ya kamata wannan “to, to” ɗin ya tsorata ni. Bai tsorata ni ba, sai ma murna na yi cewa bai yi musu ba.

Ranar Asabar na hau acaɓa tun rana ba ta fito sosai ba, na rungume jakar kyamara kamar jaririya. Tun daga zaure na ji wani wari da ban san gidan da shi ba. Warin fenti. Na ce wataƙila ƙofa aka shafa wa.

Kawu yana zaune a tsakar gida a kan farar kujerar roba, cikin babbar rigarsa ta Sallah, ta sha guga har tana ƙara in ya motsa. An share tsakar gidan fes. An ɗauke turmi, an kwance akuya daga turkenta an kai ta wani wuri, igiyar shanya ma babu. A bayansa kuma ga bangon Iya, sumul, shuɗi shar daga ƙasa har sama.

Na durƙusa. Ba a tsallake gaisuwa don bango.

“Kawu, ina kwana?”

“Lafiya lau. Kin zo lafiya? Ina gajiya?”

“Ba gajiya.”

“Yaya maigidan naki? Yaya yaran? Yaya 'yan makaranta, suna dai jin magana?”

Ina amsa lafiya lau, lafiya lau, idona na kan kafaɗarsa, inda layukan ya kamata su hau su zagaye ƙofa. Ban taɓa jin gaisuwa ta yi mini tsawo kamar ta ranar ba. Sai da ya tambayi har surukata da ciwon ƙafarta, sannan ya juya ya nuna bangon da hannu, fuskarsa cike da fara'a.

“Duba da kyau, 'yar nan. Kwana uku magini ya yi a kai. Na ce masa wannan hoto Kaduna za shi, kada ya bar mini ko tsaga ɗaya.”

Na ce, “Kawu, zanen Iya fa?”

“Ai ya tsufa, duk ya fara zubewa ta ƙasa. Za ki kai wa mutanen birni bangon ƙasa su ce a kango uwarki ta tashi?”

“Yana nan a ƙarƙashin simintin?”

“Ina fa. Siminti ba ya kama ƙasa sai an sassare fuskarta. Sai da aka farfasa shi tukuna.”

Daga baya na ji cewa masarar da ya ajiye don bazara ya taɓa ya yi wannan aiki. To ka gaya mini, da wane baki zan yi wa dattijo faɗa, yana zaune cikin rigar Sallah yana jiran in ce an gode? Na ce an gode. Na fito da kyamarar aro, na ɗauke shi a gaban shuɗin bangonsa, ya ɗora hannuwa a gwiwa ya ƙame kamar za a yi masa katin shaida. Hasken da na shekara biyu ina jira ya shigo ta gefen rumfa daidai lokacinsa, ya sauka a kan fenti, bai sami inda zai kwanta ba.

A hanyar komawa kuka na yi ta yi a bayan ɗan acaɓa, na bari ya zaci iska ce. Haushi ne ya fi yawa a kukan. Wane irin mutane ne mu? Duk abin da yake namu, in baƙo zai gani sai mun rufe shi. In za a ɗauki tsoho a gona sai ya ce a jira ya je ya yi wanka. Na taɓa roƙon wata mai ƙosai a kasuwar Makarfi in ɗauki baƙin kaskonta, ta ce in dawo gobe, na dawo na tarar ta goge shi da toka yana ƙyalli. An ce garin neman gira a rasa ido, to mu kullum a neman girar muke. Kwana uku ina wannan huɗuba ga duk wanda ya zauna kusa da ni, har maigidana ya koma cin tuwonsa a waje.

A rana ta huɗu wata 'yar Kawu ta turo mini hoto. Tsohon hoto ne na wata Sallah, ta ce yanzu ta gan shi, in taimaka in cire mata bangon in sa labule mai ruwan zinare. Na buɗe shi da niyyar in zazzage mata duk abin da ke cikina. Sai na ga bayan kafaɗarta ta hagu. Layuka uku ne, na tsakiya bai kai sauran zurfi ba.

Na daɗe ina kallon wurin. Inuwar rumfar nan ita ce wuri mafi daɗin haske a gidan, don haka duk mai son hoto nan yake tsayawa. Amare, masu jego, 'yan Sallah, duk a gaban bangon Iya aka ɗauke su. Kuma duk ni suka turo wa. Ni na bi gefen mayafinsu a hankali da hannuna, na yanke bangon, na jefar, na sa musu furanni da bene. In wayata ta cika kuma in goge na asalin, don a ganina ba aikin fasaha ba ne. Kawu sau ɗaya ya shafe bangon nan. Ni ban san iyakar sau nawa na shafe shi ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na dattijo.

Daga ranar na shiga farautar hotuna. Na fara da waya, na bi dangi ɗaya bayan ɗaya ina tambayar na asali. Amsar kusan iri ɗaya ce.

“Wanne, Yaya? Mai bangon ƙasar? Ai na goge tun da kika gyara mini. Me zan yi da shi?”

Wata ta ce wayar ta faɗa rijiya. Wata ta ce an sace a kasuwa. Wata kuwa ta ce tana da shi, ta turo mini wanda ni na sa mata furanni, ta ƙara da cewa ya fi kyau ai. Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zai raba zumunci.

Sai na koma bin gidaje da ƙafata. Na je Ikara wurin wata 'yar'uwarmu da aka yi bikinta a gidan Iya. Lokacin tumatir ne, motoci sun cika hanya da kwanduna, na isa kaina na sarawa. Ta ce tana jin akwai tsohon memori a wani wuri. Muka sauke jeren kwanukanta ɗaya bayan ɗaya, sai a cikin na ƙarshe muka same shi, ƙunshe a leda tare da ɗan kunne guda. Wa'azi ne cike da shi da waƙoƙin biki, amma can ƙasa akwai hotuna shida. A biyu daga ciki an ga kusurwar ƙofa gaba ɗaya. Na rungume ta, ita kuma tana tambayata ko lafiyata ƙalau.

Daga nan sai Likoro, wurin Inna, ƙanwar mahaifiyata, wadda aka ce tana da hotunan takarda tun na zamanin masu yawo da kyamara a keke. Ba ta buɗe akwatin ba sai da na ci tuwo na sha fura, na kuma ba da labarin kowa a gidanmu. Da ta buɗe, warin kafur ya tashi. Na zaro hoton farko, sai na ji wani sabon takaici. Mai hoton zanin gado ya rataya a bango kafin ya ɗauka. Na biyu ma haka, na uku tabarma. Ashe tun kafin a haife ni ake wannan ɓoyo. Sai dai zanin bai kai sama ba, kuma a saman kowane hoto akwai ɗan siririn wuri inda layukan Iya suka leƙo.

Inna ta ƙi ba ni aron ko ɗaya. Dole na shimfiɗa su a tabarma a tsakar gida na ɗauki hoton hoto. Tana tsaye a kaina tana kallo.

“Ke 'yar nan, ga uwarki tana budurwa, ga ni, ga marigayi kakanki, duk ba ki kalle mu ba, sai bango? Allah ya shirye ki.”

Na ce amin, na ci gaba.

Haɗawar ta ci mini duk ranakun hutu, in akwai wuta ko in kwamfutar na da caji. Wannan karon mutanen nake yankewa ina ajiye bangon. Guntu daga saman hula, guntu daga ƙarƙashin hammata, guntu tsakanin amarya da ƙawarta. Ba shekara ɗaya aka ɗauke su ba, kuma Iya ba ta maimaita zane daidai, amma hannu ɗaya ne, lanƙwasar ba ta canzawa sosai. Layin tsakiyar nan marar zurfi shi ya zame mini jagora, in na bi shi daga wannan guntu sai in same shi yana jira a wancan. Launukan ba su dace ba. Wani ja ne na safiya, wani ya koɗe, wani baƙi da fari. Da farko na yi ta fama in daidaita su, har na lura gyaran nan da nake zagi shi na koma yi. Na bar kowanne da launinsa, na bar gaɓoɓin a fili.

Bango ya tashi, ƙofa ta fito, layuka suka hau suka sauka. Tsakiya ce ta ƙi. Kowa a nan yake tsayawa, don haka babu hoto ko ɗaya da ya nuna tafin hannun. Na sake bin dangi, na sake jin an goge. Har na kwaɓa ƙasa a faranti na danna hannuna na ɗauka na liƙa a wurin. Ya zauna daram, ba wanda zai gane. Kwana biyu ina kallonsa, sannan na cire, domin yatsuna duk a miƙe suke. Na bar wurin fari.

An rataye hoton a Kaduna. Wani mai gilashi ya tsaya ya yi mini dogon bayani da Turanci a kan ma'anar farin wurin, ya tambaye ni yadda aka yi tunanin ya zo mini. Na ce masa ba tunani ba ne, mutane ne suka tare. Ya yi dariya, ya ɗauka barkwanci nake.

Da aka gama na naɗe hoton na kai wa Kawu. Wannan karon ban sanar ba. Na same shi ya dawo daga gona, rigarsa duk ƙasa, turmi yana wurinsa, akuya na turkenta. Har ya fara cewa in jira ya sauya kaya, na ce ba ɗauka na zo yi ba. Bayan mun gaisa na warware takardar a kan tabarma, a gindin shuɗin bangon. Gaskiya da guntun haushina na zo. So nake ya gani, ya san abin da ya yi.

Ya sunkuya ya duba. Sannan ya nuna farin wurin.

“Nan hannunta yake.”

“Nan ne, Kawu. Ban samu ba.”

“Da magini ya iso nan, fita na yi. Na ce masa zan duba gona. Na zaci abin da kike so ke nan, 'yar nan. Na ce kada ki ji kunya a cikin mutane.”

Duk maganar da na tanado tun daga Makarfi ta tashi a banza. Ya goge hannunsa a jikin riga, ya goge kuma, sannan ya ɗora yatsu uku a farkon layukan, ya bi su a hankali, suka hau, suka zagaye ƙofa. Ya ɗaga yatsun ya duba, ya sake mayarwa.

“Sumul yake,” ya ce. “Ba ki da wanda ake ji a hannu?”

“Babu, Kawu.”

Ya gyaɗa kai. Ya buɗe tafin hannunsa ya ɗora a kan farin wurin, bai ɗauke ba har aka kira sallar azahar.